Kula da Lambu da Itatuwan Marmari a Lokacin Kaka da Hunturu

GABATARWA

Manoma da yawa sukan ɗauki kaka a matsayin lokacin da aikin shekara ya zo ƙarshe: an yanke gero, an girbe masara, dawa ta nuna, saura a kai amfani rumbu a huta. Ga mai lambu kuwa, da mai itatuwan marmari a bayan gida ko a garka, a nan ne shekararsa take farawa. Tumatir da albasa da kabejin da za a ɗiba a watan Fabrairu, da mangwaron da za a tsinka a bazara, duk sun dogara ne ga abin da aka yi wa ƙasa da itatuwa tsakanin ɗaukewar ruwan sama da ƙarshen sanyi.

Jarin mai lambu a wannan lokaci shi ne damshin da damina ta bari a cikin ƙasa, da kuma sanyin dare da hunturu yake kawowa. Dukansu biyu ba sa jiran kowa. Wanda ya makara da wata ɗaya zai sayi ruwan da ya kamata ya samu kyauta, kuma shukarsa za ta yi fure a tsakiyar zafi, lokacin da ƙwari suka fi yawa. Manufar wannan darasi ita ce bayyana ayyukan da suka wajaba, da lokacin yin kowanne, da kuma dalilinsa.

YANAYIN LOKACIN

Ruwan sama ba ya ɗaukewa rana ɗaya a duk faɗin Nijeriya. A jihohin can arewa, kamar Sakkwato da Katsina da Yobe, yakan ɗauke daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A tsakiyar ƙasa, kamar Neja da Nasarawa da Binuwai da Kwara, yakan kai ƙarshen Oktoba. A kudu kuwa ana iya samun ruwa har cikin Nuwamba. Saboda haka, masu noman lambu a bakin kogunan tsakiyar ƙasa da na kudu su jinkirta ranakun da aka ambata a wannan darasi da kimanin mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon wurin da suke.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan buso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara ɗauke da ƙura da hazo. Wannan iska tana da fuska biyu. Amfaninta shi ne sanyin dare, wanda tumatir da albasa da karas da latas da kabeji suke buƙata, da kuma raguwar cututtukan ganye waɗanda laima take haifarwa. Illarta kuwa ita ce bushewa: tana zuƙe ruwa daga ƙasa da ganye cikin sauri, tana karya ƙananan shuka, tana kuma rura wutar daji. Duk ayyukan da za a bayyana a ƙasa suna komawa ne ga cin moriyar sanyin tare da kauce wa bushewar.

AIKI NA FARKO: TSABTACE LAMBU

Da zarar an gama ɗibar amfanin damina, a tuge ragowar shuka gaba ɗaya har da saiwa, a raba ta kashi biyu. Kashi na farko shi ne mai lafiya, kamar karan masara da ganyen da ya zubo daga itatuwa da ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba. Wannan dukiya ce, a tara ta wuri guda domin yin taki da rufe ƙasa. Kashi na biyu shi ne mai ɗauke da cuta: tumatir ko barkonon da ya yi yaushi ya mutu, ko wanda ganyensa ya murɗe, ko wanda saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu. Wannan a fitar da shi daga lambu a ƙone, ko a binne a rami mai zurfi. Kada a sa shi cikin ramin taki.

Ba a son a cinna wa fili wuta gaba ɗaya da sunan shara. Wuta tana kore sinadarin naitirojin da ke cikin kara da ganye zuwa sama, tana cinye abin da zai ruɓe ya zama abincin ƙasa, ta bar fili tsirara ga rana da iska. Tokar da take bari kaɗan ce idan aka kwatanta da abin da aka yi asara.

A wannan lokaci ne kuma ake tsara sauyin shuka. Tumatir da tattasai da attarugu da barkono da yalo da gauta da dankalin Turawa duk dangi ɗaya ne, cututtukansu kusan iri ɗaya ne. Fangalin da ya ɗauki ɗayansu a bara, a ba shi albasa ko masara ko kabeji a bana, kada dangin tumatir su koma cikinsa sai bayan shekara biyu ko uku.

AIKI NA BIYU: HAƊA TAKIN GARGAJIYA

Ƙasar da take da isasshen ruɓaɓɓen taki tana riƙe ruwa fiye da wadda ba ta da shi, don haka taki a lambun rani abinci ne, kuma tanadin ruwa ne. Ga yadda ake haɗa shi:

1. A haƙa rami a inuwa, faɗinsa mita 1 zuwa 1.5, zurfinsa kada ya wuce mita 1.
2. A shimfiɗa sassaren kara a ƙasa, kaurin santimita 15 zuwa 20.
3. A zuba ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, sannan kashin shanu ko na awaki ko na kaji, sannan a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan.
4. A yayyafa ruwa, a maimaita jerin har ramin ya cika, a rufe da ciyawa.
5. A juya bayan kowane mako biyu zuwa uku, ana ƙara ruwa idan ya bushe.

A soka sanda a tsakiyar tarin. Idan aka zaro ta bayan 'yan kwanaki aka ji ta da ɗumi da damshi, aiki yana tafiya daidai. Takin yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku, ya yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasa. Ana zuba kilo 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita, wato tan 10 zuwa 20 a hekta, a cuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma ɗanyen taki kowane iri ne yana iya gurɓata ganyen da ake ci ɗanye kamar latas. Wanda bai riga ya tanadi ruɓaɓɓen taki tun damina ba, ya nemi tsohon taki na turke domin dashen farko, wanda ya haɗa yanzu kuma ya yi wa itatuwa da shukar baya amfani.

AIKI NA UKU: RENON IRI DA DASHE

Babban kuskuren da ake yi a noman rani shi ne makara. Tumatir yana ɗaura 'ya'ya sosai idan sanyin dare yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin rana ya haura digiri 35, kamar yadda akan samu daga Maris, fure yakan zube ba tare da ya ɗaura ba. Don haka a zuba iri daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, domin fure ya faɗo cikin sanyi.

A yi bedin reno mai faɗin mita 1, a wuri mai ɗan tudu kusa da ruwa, inda ba a shuka dangin tumatir ba a bara. A ja layuka masu tazarar santimita 10, a zuba iri a zurfin kimanin santimita 1, a rufe da ƙasa mai laushi, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Da zarar iri ya fara tsirowa, wanda ga tumatir yakan ɗauki kwana 5 zuwa 8, a kwashe ciyawar a yi rumfa mai ɗan tsayi a kai. Inda hali ya samu, a rufe bedin da raga mai ƙananan idanu, domin farin ƙuda yana ɗauko cutar murɗewar ganye, kuma shukar da ta kamu tun tana bedi ba ta yin abin kirki.

Tsawon zaman iri a bedi ya bambanta:

Tumatir: mako 3 zuwa 4, tazarar dashe santimita 60 da 45.
Kabeji: mako 4 zuwa 5, tazara santimita 60 da 45.
Tattasai da attarugu: mako 5 zuwa 6, tazara santimita 60 da 45.
Albasa: mako 6 zuwa 8, tazara santimita 15 da 10.

Karas da kuɓewa ba a dasa su, ana shuka su kai tsaye. A lura kuma cewa kuɓewa da alayyafo masu son ɗumi ne, sukan yi nawa a tsakiyar sanyi, musamman a arewa da tsaunukan Filato. Gara a shuka su da wuri a kaka, ko a jira sanyi ya fara sauƙi.

Mako ɗaya kafin dashe a rage inuwa da ruwa sannu a hankali domin iri ya yi ƙwari. A ranar dashe a jiƙa bedin sosai, a ciro iri da ƙasarsa, a dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take. Bayan mako biyu a sa takin zamani NPK 15:15:15, giram 8 zuwa 10 ga kowane gindin tumatir ko tattasai, wato kimanin cikin murfin kwalbar lemo biyu. A binne shi a tazarar yatsu huɗu daga gindi, sannan a yi ban ruwa. Idan fure ya fara fitowa a ƙara yuriya cikin murfi ɗaya. Malamin gona na yankinku zai daidaita wannan adadi gwargwadon ƙarfin ƙasarku.

AIKI NA HUƊU: TATTALIN RUWA

Akwai hanyoyi uku na rage asarar ruwa, kuma ya kamata a haɗa su duka.

Na farko, lulluɓe ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa ko ganyen itatuwa tsakanin shuka, kaurin santimita 5 zuwa 10. Lulluɓi yana rage tururin ruwa, yana danne ciyawa, yana hana 'ya'yan tumatir kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga baya kuma ya ruɓe ya zama taki. A bar ɗan fili kewaye da gindin shuka saboda gara da ruɓewa.

Na biyu, kare iska. A kafa darni na karan dawa ko zana a ɓangaren arewa da gabas na lambu. Shinge yana rage ƙarfin iska har zuwa nisan kimanin ninki goma na tsayinsa, kuma wanda iska take ɗan ratsawa ya fi wanda yake toshe ƙirin. Layin masara da aka shuka a gefen fangali ma yana yin wannan aiki. Shinge mai ƙarfi kuma shi ne kariya daga dabbobi, domin bayan girbi ne ake sakin awaki da tumaki, kuma koren lambu shi ne abin da idonsu zai fara gani.

Na uku, ban ruwa bisa ƙa'ida. A yi shi da sassafe ko da yamma. Ƙasa mai yashi tana buƙatar ruwa kullum ko bayan kwana biyu, ƙasa mai laka kuwa takan kai kwana huɗu zuwa bakwai. Kada a yi hukunci da bushewar saman ƙasa. A tona zurfin yatsa, a damƙi ƙasar: idan ta dunƙule, akwai sauran damshi, idan ta warwatse, lokacin ban ruwa ya yi. Barin shuka ta yi yaushi sannan a cika ta da ruwa shi ne yake sa tumatir tsagewa, da baƙin tabo a gindin 'ya'yansa. Manoma da dama sukan ɗauka wannan tabo cuta ce su yi ta feshi, alhali asalinsa gazawar shuka ce wajen kai sinadarin kalsiyam ga 'ya'ya saboda rashin daidaiton ruwa. Albasa kuwa ana tsayar mata da ruwa kimanin mako biyu kafin cira, idan ganyenta ya fara kwanciya, domin ta jure ajiya.

Masu lambu a gefen birane su guji ruwan kwata da na masana'antu, musamman ga latas da kabeji da karas. Lafiyar mai ci amana ce a wuyan mai noma.

AIKI NA BIYAR: YAƘI DA ƘWARI

Hunturu yana rage cututtukan laima, amma bushewa tana ƙara wasu ƙwari. Mafi haɗari ga tumatir ita ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, sannan ta bazu zuwa Afirka. A shekarar 2016 ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye tana ci, ta bar farin tabo kamar takarda, sannan ta huda 'ya'ya. Tana hayayyafa da sauri idan zafi ya shigo, wanda shi ne ƙarin dalilin yin dashe da wuri.

Sauran su ne farin ƙuda, da darɓa a kan kabeji da barkono, da ƙananan ƙwari masu tsotson ganyen albasa su bar shi da fari-fari, da tsutsar kabeji. Matakan da za a bi:

1. A zaga lambu aƙalla sau biyu a mako, ana duba bayan ganye.
2. A cire ganye da 'ya'yan da suka kamu, a binne.
3. A kafa tarkon ƙamshi mai jawo mazan sharon, inda ake samunsa, domin gane shigowarta da wuri.
4. A yi amfani da ruwan 'ya'yan dalbejiya: a daka busassun 'ya'ya giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako ɗaya.
5. Idan ya zama dole a fesa maganin zamani, a sayi mai rajistar hukumar NAFDAC, a bi adadin da ke jikin kwalba, a rufe jiki da hanci, a kuma kiyaye kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da ɗiba. Kada a dage a kan magani iri ɗaya, domin sharon tana saurin sabawa da shi.

AIKI NA SHIDA: ITATUWAN MARMARI

Ƙananan itatuwa, wato waɗanda ba su wuce shekara uku da dasawa ba, su ne rani ya fi kashewa. A yi wa kowanne kwano a gindinsa, a lulluɓe da ciyawa tun ƙasa tana da damshi, a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen. A ba shi ruwa bokiti ɗaya zuwa biyu sau biyu a mako, a kewaye shi da ƙaya ko raga saboda awaki, a riƙa kankare ginin gara daga jikinsa. Duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗin aure a cire shi, domin idan aka bar shi zai rinjayi irin da aka aura.

Babban mangwaro yana buƙatar hutun bushewa kafin ya yi fure, wanda yakan zo daga Disamba zuwa Fabrairu. Kada a ba shi ruwa ko takin yuriya a watanni biyun da suka gabaci fure, domin zai fitar da sabon ganye maimakon fure. Idan 'ya'ya sun ɗaura, a nan ne ban ruwa yake rage zubewarsu. Babban sassabe na mangwaro ana yin sa ne bayan an gama tsinkar 'ya'ya. A kaka sai dai a cire busassun rassa kawai.

A kan lemo da gwaiba, a nemi kauci a sare reshen da ya kama daga ƙasa da inda ya liƙe, tun bai yi 'ya'yan da tsuntsaye za su kai wa sauran itatuwa ba. Kada a tara ƙasa ko taki a jikin gindin lemo, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a jikinsa, domin haka yake kawo ruɓewar gindi mai fitar da ƙaro. 'Ya'yan da suka zubo ƙasa a riƙa tsince su, a binne a rami mai zurfin santimita 50, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a bar su a rana na wasu kwanaki. Wannan yana katse hayayyafar ƙudan da ke sa tsutsa a cikin lemo da mangwaro. Ayaba kuwa tana son lulluɓi mai kauri. A yanke busasshen ganyenta a shimfiɗa a gindinta, a tokare wadda ta ɗauki nono da sanda mai baki biyu saboda iska.

AIKI NA BAKWAI: RIGAKAFIN WUTAR DAJI

Itacen da aka yi shekara biyar ana reno, wuta tana iya hallaka shi cikin mintoci kaɗan. Kafin ciyawa ta bushe sarai, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a share hanya mai faɗin mita 3 zuwa 5 kewaye da lambu ko gonar itatuwa, har sai ƙasa ta fito fili. A yanke doguwar ciyawar da ke tsakanin itatuwa, a sake share hanyar idan ganye ya zubo a kanta. A yi magana da maƙwabta da mafarauta da makiyaya tun da wuri, a kuma sa mai unguwa cikin maganar, domin wutar da ta tashi a gonar wani ba ta san iyaka ba.

JADAWALIN AYYUKA A TAƘAICE

Satumba zuwa Oktoba: tsabtace lambu, haɗa taki, zuba iri a bedi, gyaran rijiya da magudanar ruwa, sauya wa injin ban ruwa baƙin mai.
Oktoba zuwa Nuwamba: dashen tumatir da tattasai da kabeji, lulluɓe gindin itatuwa, kafa darni, share hanyar wuta.
Nuwamba zuwa Disamba: dashen albasa, sa takin zamani, cire ciyawa, fara zagayen duba ƙwari.
Janairu zuwa Fabrairu: daidaita ban ruwa, tsananta sa ido a kan sharon, fara ɗiba, ban ruwan mangwaron da ya ɗaura 'ya'ya.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mafi yawan ayyukan da aka bayyana ba sa cin kuɗi mai yawa. Kara da ciyawa da kashin dabbobi da 'ya'yan dalbejiya duk suna kusa da manomi. Abin da suke buƙata shi ne a yi su a kan kari, tun ƙasa ba ta bushe ba, tun sanyi bai wuce ba. Domin ƙarin bayani game da irin da ya dace da yankinku, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharku.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa ake son furen tumatir ya faɗo cikin sanyi?
2. Wane irin ragowar shuka ne ba a sa shi cikin ramin taki?
3. Kawo hanyoyi uku na rage asarar ruwa a lambu.
4. Mene ne asalin baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir?
5. A wane lokaci ake hana babban mangwaro ruwa, kuma a wane lokaci ake ba shi?